Bitwarden a ofisoshin Bauchi: yana biyan buƙata, amma sai kashiya da sakatare sun karɓe shi

A ofisoshi da yawa na cikin garin Bauchi, tun daga makarantun kuɗi na Fadaman Mada da Yelwa har zuwa asibitoci masu zaman kansu da shagunan sari na Wunti da Muda Lawal, kalmar sirri a ɗaya daga wurare uku take kwana: bayan kalandar bango, shafin ƙarshe na littafin rasit, ko zauren WhatsApp na ma'aikata. Wanda ya rubuta ta a can ba sakarai ba ne. An ɗora masa imel na ofis, shafin Remita, shafin CAC, shafin rajistar WAEC da NECO, Facebook na kamfani, kowanne da tasa kalmar, kuma an ce kada ya manta ko ɗaya. Kan mutum ba ya ɗaukar wannan kaya, shi ya sa yake sauke shi a takarda, ko ya yi wa duka kalma guda, sunan ɗansa na fari da shekarar haihuwa.

Bitwarden manhaja ce da ke karɓar wannan kayan. Rumbu ne na kalmomin sirri: ma'aikaci ya riƙe kalma ɗaya tak, uwar kalmar, sauran kuma manhajar ta ƙirƙira su, ta adana, ta cike su da kanta a shafin da ya dace. Kyle Spearrin ne ya fara ta a 2016, kamfanin kuma yana Santa Barbara a jihar Kalifoniya ta Amurka. Tsarin rubutun manhajar a buɗe yake a GitHub, shafin da masu rubuta manhaja ke ajiye aikinsu, kowa na iya dubawa. Hukuncinmu tun daga farko: ga ofis mai ma'aikata biyar zuwa hamsin, yana cikin kayan tsaro mafi arha da za a saya a ga amfaninsu. Amma akwai wuraren da yake ba da kunya a yanayinmu, kuma akwai ɓarnar da ba ya iya tarewa ko kaɗan.

Ɓoye bayanan a kan na'urar mai shi ake yi, da tsarin AES-256, kafin su tafi saba, wato babbar kwamfutar ajiya ta kamfanin. Uwar kalmar ba ta barin na'urar a yadda take. Ana juya ta sau 600,000 da tsarin PBKDF2 domin a fitar da makulli, shi ya sa ƙaramar waya kan ɗan yi jinkiri kafin rumbun ya buɗe. Ma'anar wannan ita ce ko ma'aikatan Bitwarden ba sa iya karanta abin da ke ciki. Ɗaya fuskar kuma ita ce, in ka manta uwar kalmar, ba wanda zai dawo maka da ita. Za mu dawo kan wannan, domin nan ne ofisoshi suka fi faɗuwa.

Inda ya fi burge mu

Mutane na ɗaukar amfanin irin wannan manhaja shi ne dogayen kalmomi masu wuya. Gaskiya ne tana haɗa kalma mai harafi 5 har zuwa 128, kuma harafi 16 zuwa 20 sun wadatar ga kowane shafi. Sai dai babban amfaninta ga ƙaramin ma'aikaci wani abu ne daban: ba ta cike kalmar sirri a shafin bogi.

Duba yadda aka yi wa kamfanin Unatrac, mai sayar da injinan Caterpillar, a 2018. An aika wa shugaban sashen kuɗi imel ɗauke da adireshin wani shafi mai kama da na shiga Microsoft Office 365. Ya rubuta sunansa da kalmarsa. Daga nan aka riƙa aika umarnin biyan kuɗi da sunansa, har kusan dala miliyan 11 suka salwanta. Ɗan Najeriya Obinwanne Okeke ya amsa laifi a kotun Amurka, aka yanke masa shekara 10 a 2021. Ba a fasa wata katanga ba, mutum ɗaya ne ya buga kalmarsa da hannunsa a inda bai kamata ba.

Idon mutum na ruɗuwa da tambari da launi, balle da yamma an gaji, ga layi a gaban kanta. Bitwarden ba ya duba tambari. Adireshin shafin yake kwatantawa da wanda aka adana. In an canza harafi ɗaya, ko an liƙa wata kalma a gaba, ɗan alamar da ke saman burauza ba za ta nuna akwai kalmar da ta dace ba, kuma danna Ctrl da Shift da L ba zai cike komai ba. Wannan shirun shi ne gargaɗin. Abin da ya kamata a koya wa kowane ma'aikaci ke nan tun ranar farko, kafin komai: in manhajar ta ƙi cikewa, kada ka buɗe rumbu ka kwafo kalmar ka liƙa da kanka. Tsaya, ka kira wanda ke kula da kwamfutocin ofis. Akasarin waɗanda ba a yi wa wannan bayani ba, suna ganin ta ƙi sai su ce "abin nan ya sake lalacewa", su kwafa su liƙa, su miƙa wa ɓarawo makulli da hannu biyu.

Abu na biyu shi ne rabon aljihu. Asusun ofis na ba da damar kasa kalmomi gida-gida: aljihun kuɗi na akanta da kashiya, aljihun jarrabawa na malamin da ke rajistar ɗalibai, aljihun shafukan sada zumunta na mai tallace-tallace. Kowa abin da aikinsa ke buƙata yake gani. Akwai zaɓin da ke ɓoye kalmar daga idon ma'aikaci alhali manhajar na cike masa ita, amma kada a jingina da shi. Kamfanin da kansa ya faɗa cewa wannan ba cikakkiyar kariya ba ce, wanda ya ɗan san kan burauza zai iya zaƙulo kalmar. A ɗauka duk kalmar da aka ba mutum ya yi aiki da ita, ya san ta.

Batun wuta da sabis kuwa, ya yi abin a yaba. Muddin an taɓa shiga a na'urar kuma kulle rumbun aka yi, ba fita gaba ɗaya ba, zai buɗe ko babu intanet, a karanta abin da ke ciki. Ƙara sabuwar kalma ko gyara tsohuwa ne ke jiran sabis ya dawo. Ga reshen da ke Ningi ko Misau ko Jama'are, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Data kuma kaɗan yake ci, tunda rubutu ne zalla.

Kuɗi

Na mutum ɗaya kyauta ne, ba iyaka ga yawan kalmomi ko na'urori. Akwai asusun haɗaka na kyauta, amma mutum biyu kawai yake ɗauka da aljihu biyu. Ya ishi mai kemis da yaronsa, bai ishi makaranta ba. Na ofis iri biyu ne. Teams dala 4 ne kowane mutum a wata in an biya na shekara, Enterprise dala 6. Ma'aikata goma ke nan dala 480 a shekara a na farko, dala 720 a na biyu. Da dala ake biya, don haka a fara tambayar banki ko katin ofis na biyan kuɗin ƙasar waje da kuma iyakarsa, a kuma leƙa shafin kamfanin a ga farashin ranar.

Nan muke da ƙorafi. Abubuwa biyu da ƙaramin ofis ya fi buƙata an ajiye su a Enterprise: ikon shugaban asusu ya sake wa ma'aikacin da ya manta uwar kalmarsa wata, da ikon tilasta wa kowa kunna tabbatarwa ta mataki biyu, wato ƙarin shaida kamar lamba bayan an buga kalmar sirri. A Teams sai dai a roƙi mutane su kunna, a riƙa bi ana dubawa. Kuma in sakatariya ta dawo daga hutun haihuwa ta manta kalmarta, abin da ke aljihun ofis yana nan lafiya, amma duk abin da ta ajiye a rumbunta na kanta ya tafi. Sai a goge asusun a sake gayyatar ta. Wanda zai iya ƙarin dala 2 ɗin nan, ya ɗauki Enterprise. Wanda ba zai iya ba, ya kafa doka cewa kalmar aiki a aljihun ofis take zama, ba a rumbun mutum ba.

Yadda ake ɗora shi, da inda ake tuntuɓe

A fara da imel. Kowane ma'aikaci da nasa asusun, da imel ɗin da shi kaɗai ke buɗewa. Ofishin da ya buɗe asusu ɗaya ya raba uwar kalmar ga mutum takwas don ya rage kuɗi, ya mai da kalandar bango cikin kwamfuta ne kawai: ba a san wa ya buɗe me ba, kuma ba a iya cire mutum ɗaya.

Shigar da ma'aikaci mataki uku ne, kuma na ukun ake mantawa. Shugaban asusu ya aika gayyata, ma'aikaci ya karɓa ta imel cikin kwana biyar kafin ta mutu, sannan shugaban ya koma ya tabbatar da shi. Kafin wannan tabbatarwar ma'aikacin zai shiga ya tarar da wayam, ya ce ba ya aiki. Wani abin kuma: kamfanin na da saba biyu, ta Amurka da ta Turai, ana zaɓa a ƙasan shafin shiga. Wanda aka yi wa rajista a bitwarden.com, in ya zaɓi bitwarden.eu, za a ce masa kalmarsa ba daidai ba ce alhali daidai take.

Uwar kalmar ba ta gaza harafi 12. Mafi sauƙin riƙewa shi ne kalmomi biyar da ba su da dangantaka da juna, irin su buta, kwalta, gwanda, sirdi, Laraba, a haɗa da ɗan layi a tsakani da lamba ɗaya ko biyu. Waɗannan misali ne, kada wani ya ɗauke su. A guji karin magana, baitin waƙa, aya ko addu'ar da kowa ya haddace, da sunan gari ko na 'ya'ya. A kuma guji haruffa masu lanƙwasa, ɗ da ƙ da ɓ. Madannin waya na da su, na kwamfutar ofis galibi babu, sai mutum ya kafa kalma a waya ya kasa buga ta a tebur. Manhajar na iya haɗa jerin kalmomi da kanta, amma na Turanci ne. Wanda Hausa ta fi zama masa a ka, ya haɗa nasa. A rubuta ta a takarda sau ɗaya, a sa a ambulan, a liƙe, mai ita ya kai gida ya ajiye inda yake ajiye takardun fili. Wannan ba saɓa doka ba ne. Takardar da ke cikin akwati a ɗaka ba ɗaya take da wadda ke manne a jikin kwamfuta ba.

Kuma a daina tilasta canza kalma duk wata. Hukumar NIST mai tsara ƙa'idojin fasaha a Amurka ta janye wannan shawara tun 2017, domin abin da take haifarwa shi ne Bauchi1, Bauchi2, Bauchi3. Ana canzawa ne in akwai alamar ta fita.

Sai mataki na biyu. Bitwarden na karɓar lambar da ake aikowa ta imel, ko manhajar lambobi irin Google Authenticator, ko makullin ƙarfe irin YubiKey da ake sokawa a kwamfuta. Manhajar lambobi ta fi dacewa da yawancin ofisoshinmu. Lambar na sauyawa duk daƙiƙa 30, kuma da agogon waya take lissafi, ba da sabis ba. In lamba ta yi ta ƙin shiga, kashi mafi yawa agogon wayar ne aka saita da hannu. A mai da shi ya riƙa saita kansa. Haka tsofaffin kwamfutocin da ake sayowa na hannu: in ɗan batirin agogo da ke cikin kwamfutar, CR2032, ya mutu, kwanan wata na komawa baya duk lokacin da aka ɗauke wuta, burauza ta riƙa ƙin buɗe shafuka masu tsaro. Canza batirin aikin minti biyar ne. Ranar da aka kunna mataki na biyu, manhajar na ba da lambar ceto. A buga ta a takarda a haɗa da ambulan ɗin nan. Waya na faɗawa ruwa, ana fizge ta a kasuwa, ana sayar da ita in Sallah ta matso. Wanda ba shi da lambar ceto ranar, ya kulle kansa a waje.

Amfanin matakin nan ba sai an yi dogon bayani ba. A 2021 aka shiga kamfanin bututun mai na Colonial Pipeline a Amurka ta wani tsohon asusu da ba a rufe ba, mai kalmar sirri kaɗai babu mataki na biyu. Sai da suka tsayar da bututun, suka biya fansar dala miliyan 4.4.

Akwai saiti biyu da dole a taɓa a kowace kwamfuta. Ɗan ƙarin da ake ɗorawa a burauza, yadda yake zuwa, ba ya kulle rumbu sai an rufe burauzar. A ofishin da ake fita sallar Azahar a bar Chrome a buɗe, masinja da baƙo da ɗan mai gida duk suna wucewa, wannan ƙofa ce a hangame. A sa ya kulle bayan minti biyar, a haɗa da ɗabi'ar danna maɓallin Windows da L kafin a tashi. Na biyu, a kunna goge abin da aka kwafa bayan daƙiƙa 30. Sannan in an kwaso tsofaffin kalmomi daga Chrome, fayil ɗin CSV da aka fitar a fili yake, ba a ɓoye komai a cikinsa ba. A goge shi, a zubar da kwandon shara na kwamfutar, a kashe adana kalmomi na Chrome ɗin don kada su riƙa karo.

A waya sai an shiga saitin Android an zaɓi Bitwarden a matsayin mai cikewa. Wasu wayoyin, tsarin tattalin batirinsu na kashe shi a ɓoye, sai a cire shi daga jerin waɗanda ake taƙaitawa. Wasu manhajojin banki kuma da nasu madannin suke zuwa, ba sa karɓar cikewa ko liƙawa; a nan dole a duba a buga da hannu. Rubutun manhajar da Turanci zai bayyana, don haka horon farko a yi shi da Hausa, kowa da wayarsa a hannu, mutum biyar-biyar, ba lacca a zauren taro ba. Awa ɗaya ta isa, sai a sake zagayowa bayan mako guda a ga wanda ya koma wa littafin rasit.

Abin da ba ya iya yi

Ba ya ɗaukar waya. Mai kira ya ce, "Hajiya, daga banki ne, ana sabunta BVN na asusun kamfani, karanto min lambar da ta shigo yanzu," babu manhajar da za ta kama bakin Hajiya. A Yulin 2020 da kiran waya aka yaudari wasu ma'aikatan Twitter, aka kai hari kan asusu 130, har da na Barack Obama da Elon Musk. Kamfani ne mai ƙwararrun injiniyoyi, amma ta kunnen ma'aikaci aka shiga.

A wurinmu abin ya fi tsanani saboda kunya da girmama na gaba. Saƙo ya shigo WhatsApp da hoton mai gida, daga sabuwar lamba: ina taro a Abuja, tura wa wannan asusun kuɗin siminti yanzu, zan yi bayani in na dawo. Yaron da aka tarbiyyantar kada ya ja da babba, da wuya ya ce a'a. Maganin ba a Bitwarden yake ba, a bakin mai gidan yake. Shi zai tara ma'aikata ya ce da bakinsa: duk saƙon kuɗi ko na canza lambar asusun ɗan kwangila, a kira ni a layin da kuka sani, ko ina gaban gwamna ne. Sai kashiya ya samu ƙafar da zai tsaya ya ce, "Ranka ya daɗe, a yi min afuwa, zan kira in tabbatar tukuna." In mai gida ya taɓa yi wa wani tsawa don ya kira, dokar ta mutu daga ranar. Haka in shi ne ya ƙi sa manhajar a tasa wayar, yana cewa a turo masa kalmar ta WhatsApp kamar da.

Ba ya kuma wanke kwamfutar da ta riga ta kamu. Manhajar sata da aka sauke kyauta, ko filashin da ya zaga shagunan buga takardu na bakin jami'ar ATBU ya dawo, na iya shigo da ƙwayar da ke naɗe abin da ake bugawa. Microsoft ta daina tallafa wa Windows 7 a Janairun 2020, Windows 10 kuma a 14 ga Oktoban 2025, amma har yau suna kan tebura. Kwamfutar da ake taɓa kuɗi a kanta ita ta fi cancantar sabuntawa kafin ta ofishin shugaba. Masu tsoron zuba ƙwai duka a kwando ɗaya ma suna da hujja: a 2022 an sace kwafin rumbunan abokan cinikin LastPass, wata manhajar mai irin wannan aiki. A ɓoye suke, amma wanda uwar kalmarsa gajeriya ce ya shiga haɗari. Tsawon kalmomi biyar ɗin nan ba ado ba ne.

Wani abin da ya rage ga mutane shi ne faɗin gaskiya da wuri. Dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 ta ba ofis awa 72 ya sanar da hukumar kare bayanai ta ƙasa, NDPC, in an samu kutsen da zai iya cutar da masu bayanan, kuma makaranta da asibiti cike suke da irin waɗannan bayanai: NIN, sakamakon gwaji, lambobin iyaye. Ma'aikacin da ya san za a zaftare masa albashi in ya ce ya danna wani abu, shiru zai yi har sai kuɗi sun fita. Wanda ya zo cikin minti goma ya ce "Malam, ina jin na buga kalmata a inda bai dace ba", ya ba da damar a canza ta, a fitar da duk na'urorin da ke ciki, a kira banki. Teams da Enterprise duka suna ajiye tarihin wanda ya buɗe ko ya kwafi wace kalma da lokacin, wanda ke taimakawa a gane iyakar ɓarnar. A yi amfani da shi don gyara, ba don neman wanda za a kora ba.

Sai ranar sallama. Ofisoshin Bauchi na cike da masu zuwa su tafi: 'yan bautar ƙasa da ake turowa daga sansanin Wailo su yi shekara, ɗaliban kwalejin kimiyya da fasaha masu koyon aiki na 'yan watanni, malaman wucin gadi. A Bitwarden danna biyu ne a dakatar da mutum, aljihunan ofis su ɓace daga na'urarsa da zarar ta haɗu da intanet. Akwai dakatarwa, akwai cirewa gaba ɗaya. Ga wanda ya tafi hutu ko ake bincike a kansa, dakatarwa ta fi, domin ana iya mai da shi ba sai an sake gayyata ba. Amma cire mutum ba ya goge abin da ya riga ya gani ko ya rubuta. A buɗe aljihunan da yake ciki, a canza kalmomin ɗaya bayan ɗaya a ranar, a fara da imel na ofis tunda ta nan ake sake saita sauran. A duba kuma lambar wayar da ke karɓar OTP a kowane shafi. Sau da yawa layin ɗan bautar ƙasar da ya yi rajistar ne, shi kuwa ya riga ya hau mota a tashar Yankari.